Dajin Gana Ba Ya Buɗe wa Mai Gaggawa

Da misalin ƙarfe goma na safe manyan motocin bas ke fara cika harabar gandun dajin Kakum, kilomita kusan 30 arewa da birnin Cape Coast a kudancin Gana. 'Yan makaranta cikin yunifom, ƙungiyoyin coci, baƙaƙen fatan Amurka da suka zo neman tushen kakanninsu, ma'aikatan kamfanoni da aka kawo shan iska, kowa ya sauko ya shiga layi. Abu guda ya kawo su: gadar igiya da aka ɗaure a saman bishiyoyi tun 1995. Gadoji bakwai ne a jere, tsawonsu gaba ɗaya ya haura mita 300, a wasu wuraren kuma tsakanin tafin ƙafar mutum da ƙasa ya kai mita 30. Falanki ɗaya ake takawa, an shimfiɗa shi a kan tsanin alminiyam, raga ta tare hagu da dama. Idan na gaba ya taka, na baya ya ji a gwiwarsa. Sai ihu, sai dariya, sai salati, ga waya a sama ana ɗaukar hoto. Kafin awa ɗaya da rabi an sauko, an sha ruwan kwakwa, mota ta juya.

Kowa zai koma gida ya ce ya je Kakum, ga hoto shaida. Amma da za a tambaye shi me ya gani ban da ƙeyar wanda ke gabansa da igiyar da ya ƙanƙame, da wuya ya kawo abu uku. Alhali kurmin da ya ratsa ta samansa ya kai murabba'in kilomita 375. Tun 1931 aka keɓe shi, a 1992 ya zama gandun daji na ƙasa. Akwai giwayen kurmi a ciki, waɗanda ba su kai na fili girma ba, akwai birai iri-iri, tsuntsaye sun haura nau'i 250, malam-buɗe-littafi kuwa nau'insa ɗaruruwa ne. Duk suna nan, sai dai ba sa zama inda ake hayaniya. Kafin motar farko ta kashe inji sun nausa ciki.

Wannan shi ne abin da ya kamata a faɗa wa duk mai shirin tafiya neman hutun zuciya a ƙasashe masu zafi da yawan ruwan sama. Harkar ta zama babbar kasuwa a duniya. Daga tsibirin Bali na Indunusiya zuwa Siri Lanka da Kosta Rika, ana sayar wa gajiyayyun ma'aikatan birane mako guda na hutu, da ɗaki mai kallon kurmi, da malamin koyar da numfashi, a kan kuɗi mai kauri. Babu laifi ga mai hali. Sai dai natsuwar da ake nema ba ta cikin ɗakin, ba ta cikin tikitin. Lokaci take so da sauraro, kuma su ne abubuwan da matafiyin zamani ya fi yi wa kansa rowa. Ɗan Arewa kuwa ba sai ya tsallaka teku ba. Gana na nan kusa, ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza, fasfo da katin allurar shawara sun isar masa.

A Kakum ɗin nan akwai wata hanyar ziyara da 'yan kaɗan ke bi. Mutum ya iso da la'asar bayan motoci sun watse, ya kwana a ɗakin katako da aka gina a jikin bishiya cikin kurmin, tare da malamin daji. Ba wurin jin daɗi ba ne. Katifa ce da gidan sauro, ga zufa mai danƙo da ba ta bushewa, riga na manne wa baya. Da farko hannu ba ya daina laluben aljihu. Tunani na can kan kayan da suka maƙale a kan iyaka, da bashin da ake bi, da saƙon da ba a amsa ba. Sannan duhu ya sauko, kuma a wannan yanki ba ya jan ƙafa: wajen ƙarfe shida rana ta faɗi, kafin bakwai ko tafin hannu ba a gani a ƙarƙashin bishiyoyi.

Ƙara ɗaya kunne ke fara ji, doguwa marar yankewa. A hankali take rarrabuwa, kamar yadda wanda ya shigo zaure daga tsakar rana yake ɗan tsayawa kafin ya gane su wa ke zaune. Ga gyare nan kusa, ga kwaɗi can wajen rafi kowane da muryarsa, ga ɗigon ruwa daga ganye zuwa ganye ko da ba a yi ruwan sama ba. Can tsakar dare wani ɗan'uwan rema da ke zama a kan bishiya zai fara kuka, a hankali a hankali, yana ƙara ɗagawa har ya zama kururuwa mai tayar da tsigar jiki. Baƙo ya zabura, malamin daji ya kwantar masa da hankali cewa dabbar ba ta fi zomo girma da yawa ba. Idan an fita zagayen dare da tocila, dole ido ya kasance a ƙasa, domin kwarkwasa na tafiya a layi, wanda ya taka su sau ɗaya ba sai an sake ce masa ya duba gabansa ba. Babu wanda ya umarci baƙon nan ya tattara hankalinsa. Kunne da ido ne suka sami aiki, tunanin bashi ya rasa wurin zama.

Da gari ya waye sai a hau gadar. Ita ce dai ta jiya, amma yanzu babu kowa. Hazo na kwance tsakanin kawunan bishiyoyi, manyan cilakowa na kurmi suna wucewa ana jin ƙarar fikafikansu kafin a gan su. Wanda ya saba ɗaga kai ya kalli rimi daga gindi a Zariya ko Kano, yau ga shi yana kallon rassansa ido da ido, yana ganin tsirran da suka yi gida a kansu ba su taɓa sanin ƙasa ba.

Masana sun daɗe suna bin diddigin wannan al'amari. A 1984 wani mai bincike a Amurka, Roger Ulrich, ya wallafa nazarin da ya yi kan bayanan majinyata 46 da aka yi wa tiyatar matsarmama a wani asibiti na jihar Pennsylvania. Rabinsu tagarsu na kallon bishiyoyi, rabi na kallon bangon bulo. Masu kallon bishiyoyi sun riga 'yan'uwansu barin asibiti da kusan kwana guda, kuma ba su buƙaci maganin kashe zafi mai ƙarfi kamar su ba. Shekara biyu kafin nan hukumar gandun daji ta Japan ta fara kiran jama'a su riƙa shiga daji don lafiyarsu, ba don farauta ko itace ba. Rachel da Stephen Kaplan, mata da miji malaman jami'ar Michigan, su suka ba da bayanin da ya fi shiga hankali. A ganinsu, hankalin da mutum ke tilasta wa kansa, na lissafi da tuƙi cikin cunkoso da amsa saƙonni, yana gajiya. Ganye mai motsi da ruwa mai gudu da kukan tsuntsu kuwa suna jan hankali ba tare da sun matsa masa ba, a nan ne gajiyayyen yake samun sararin farfaɗowa.

A 2019 masu bincike ƙarƙashin jagorancin jami'ar Exeter suka duba bayanan mutum kusan 20,000 a Ingila. Waɗanda ke samun aƙalla minti 120 a mako cikin itatuwa, lambu ko bakin ruwa sun fi sauran shaida ƙoshin lafiya da walwala, ƙasa da haka kuwa bambancin bai fito fili ba. A yi adalci: alaƙa binciken ya nuna, bai tabbatar da cewa dajin ne ya haifar da lafiyar ba, kuma Ingila ba Gana ba ce. Wanda ciwon damuwa ya kama da gaske likita yake buƙata, kurmi ba zai maye masa gurbin magani ba. Duk da haka adadin na nuna cewa abin na son lokaci. Wanda ya shigo ya fita cikin minti 90, kusan rabinsu a layi, bai ba wurin damar yi masa komai ba.

Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan fage, ko da bai taɓa jin sunan Ulrich ba. Tun yana makarantar allo ya haddace surar Gashiya, inda aka kira mutum ya dubi raƙumi da sama da duwatsu da ƙasa, ya lura da yadda aka yi kowanne. Ƙarshen surar Ali Imrana ya yabi masu tunani a kan halittar sammai da ƙasa da sauyawar dare da rana. Malamai sun sanya tafakkuri cikin ibada, kuma sun sha kokawa da sallar da jiki ke yi zuciya na kasuwa. Abin da ake biyan dala a Bali don a koya, wato zuciyar mutum ta kasance inda jikinsa yake, karatu ne da ake yi a zaurukan Kano da Sakkwato da Damagaram tun kafin a ƙera jirgin sama. Aiki da shi idan an fita tafiya ne ya yi ƙaranci. Ga kuma wata garaɓasa: lokacin da masu kallon tsuntsaye ke saita agogo su tashi da ƙyar, mai sallar asuba ya riga ya idar. Abin da ya rage masa kawai kada ya koma barci, kada kuma ya buɗe waya.

Hanyar Gana ma tsohuwar hanyarsa ce. A ƙarni na 19 ayarin fatake kan tashi daga Kano da kanwa da tufafi da jemammun fatu, madugu na jagoranci, su ratsa ƙasar Borgu, su isa Salaga a ƙasar Gwanja bayan wata biyu ko uku, su sayo goro su juyo. Ba yawon shaƙatawa suke yi ba. Akwai 'yan fashi, akwai kuɗin fito a kowane kogi, akwai cuta, Salaga kuma kasuwar bayi ce, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Amma tafiyar ƙafa ta tilasta musu sanin ƙasa: wane kogi ke cika a wane wata, ina jakuna za su sami ciyawa, wane irin hadari ke zubar da ruwa wane ke wucewa. Na dogon lokaci sarakunan Asante ba su bar fataken Arewa su wuce cikin kurmin da goron ke fitowa ba, sai bayan Turawan Ingila sun ci Kumasi a 1874 hanya ta fara buɗewa. Yau ƙofar a buɗe take ga kowa, jikokin fataken ne ba su da lokacin shiga. Jirgi daga Legas zuwa Akra kusan awa ɗaya ne. Daga filin jirgi sai masauki a Nima, sai kasuwar Makola ko Kantamanto, sai Kejetia a Kumasi, sai ɗaurin aure ko ta'aziyya a Zango, sai taro a otal. Mutum ya yi mako a ƙasar bai taka inda ba kwalta ko siminti ba, ya dawo da gajiyar da ta fi wadda ya tafi da ita.

Inda abin ya fi taɓa zuciyar ɗan Arewa kuwa ba Kakum ba ne. Mole ne, a cikin ƙasar Gwanjan nan da kakanni suka sani. Shi ne gandun daji mafi girma a Gana, ya haura murabba'in kilomita 4,500, an keɓe shi a 1958, ya zama na ƙasa a 1971. Daga Tamale tafiyar kusan awa uku ce ta Damongo, a wuce ta Larabanga mai tsohon farin masallacin ƙasa, wanda mutanen garin ke cewa tun 1421 yake. Masaukin gandun na kan tudu, tafkunan da dabbobi ke sha na ƙasa, ana hangensu daga inda ake karin kumallo. Da rani, daga Disamba zuwa Afrilu, ruwa ya janye a sauran wurare, giwaye kan sauko nan su sha su yi wanka.

Abin da ya bambanta Mole shi ne a ƙafa ake shiga. Da ƙarfe bakwai na safe malamin daji ya rataya bindiga ya wuce gaba, baƙi na biye, tafiyar awa biyu. Ba ya yawan magana. Zai tsaya a kan tulin kashin giwa ya duba ɗanyensa, ya nuna reshen da aka ɓalle farin cikinsa bai bushe ba, ya lura da inda iska ke kaɗawa, sannan ya canza hanya. Kowa ya yi shiru ba tare da an roƙe shi ba. Ƙarar karya itace ake fara ji, sai wani gurnani mai zurfi da ake ji a ƙirji, sannan abin da aka ɗauka inuwa ce ya motsa kunne. A kan hanyar dawowa ga mazo ya tsaya cak yana kallo, ga garken maraya, ga mugun dawa ya durƙusa a kan gwiwoyin gaba yana kiwo har kusa da ɗakunan kwana.

Sai dai ba giwar ce ke kama zuciyar mutumin Katsina ko Gusau ba. Itatuwan ne. Kaɗanya, ɗorawa, doka, baushe, jar ƙasa da suri, zabin daji na gudu cikin ciyawa. Dajin gida ne sak. Kuma kowa ya san abin da dajin gida ya zama. Rugu, Kuyambana, Kamuku na Birnin Gwari, da Sambisa wanda shi ma da wurin adana namun daji ne, yau sunayensu a labaran garkuwa da mutane ake jin su. Akwai yaran da suka tashi a Zamfara ba su san yadda ake tafiya cikin daji ba tare da faɗuwar gaba ba. Iyayensu sun yi kiwo, sun ɗebo itace, sun tsinko ɗinya da kanya a wuraren da yanzu ko da rana tsaka ba a zuwa. Kunnen da aka horar ya riƙa sauraron ƙarar babur ba ya hutawa ko a cikin barci. Irin wannan mutum idan ya ji motsi a ciyawar Mole ya waiwaya a firgice ya ga mazo ne, abin da ke sauka daga kafaɗarsa ba ƙaramin abu ba ne, kuma babu malamin numfashi da zai iya ba shi. Abin takaici ne a ce sai ya tsallaka iyakoki uku kafin ya same shi. Yankari na nan a Bauchi da giwayenta da ruwan ɗumi na Wikki, ta cancanci irin wannan ziyara ta mai haƙuri, amma wuri ɗaya bai isa yankin da dazukansa suka fi ƙarfin masu su ba.

Wanda kasuwanci ya tsare a Kumasi ma ba shi da hujja. Tafkin Bosomtwe na kilomita kusan 30 kudu maso gabas da birnin, a cikin wani ƙaton rami da dutse daga sararin samaniya ya haƙa shekara fiye da miliyan ɗaya da ta wuce. Tuddai sun kewaye shi, ba shi da mafita, kuma Asantawa na girmama shi ƙwarai. Masuntan wurin a kan gungumen katako suke zama, ƙafafu cikin ruwa, suna tuƙi da hannu ko da sakaina. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren da ake kiyayewa. Ranar hutu bakin ruwan ƙauyen Abono kan cika da kiɗa da masu shaƙatawa, don haka mai neman shiru ya zo a tsakiyar mako, ya taka zuwa ƙauye na gaba.

Akwai abin da mai neman natsuwa bai kamata ya kawar da kai daga gare shi ba: wani ne ke biyan kuɗin shirun da yake mora. Giwar kurmin da baƙo ke fatan gani a Kakum ita ce ke fitowa da dare ta cinye wa manomin gefen gandun masara da rogo da ayaba, aikin shekara a dare ɗaya. Manoman kan shafa barkono da baƙin mai a tsumma su rataya a igiya kewaye da gona don su kore ta. A Mole an tashi ƙauyuka kafin wurin ya zama abin da yake yau. Wanda ya zauna a kan tudu yana kallon tafki ya san cewa wasu sun bar kushewar iyayensu a can ƙasa.

Ga kuma zinariya. Haƙar da ake yi ba bisa ƙa'ida ba, wadda mutanen Gana ke kira galamse, ta mayar da kogunan Pra da Ankobra da Offin da Birim jajayen laka, ta cinye gonakin koko, ta shiga har cikin dazukan da aka keɓe. A watan Agustan 2024 kamfanin ruwan ƙasar ya sanar da ƙarancin ruwa a Cape Coast da Elmina, saboda lakar kogin Pra ta fi ƙarfin injinan tacewa, kuma ba a daɗe ba matasa suka fito zanga-zanga a Akra. Cape Coast ɗin nan ce baƙin Kakum ke kwana a cikinta. Mutanen Zamfara, inda gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400 a 2010, ba sa buƙatar a fassara musu wannan labari.

Kakum kansa an sare katako a cikinsa har zuwa 1989. Abin da ya tsayar da zarto shi ne an gamsar da hukuma da sarakunan yankin cewa kurmin a tsaye zai fi amfani da a kwance, kuma wannan hujja ce da sai an riƙa sabunta ta kowace shekara da abin da ke shiga aljihun mutanen wurin. A nan ne amfanin matafiyi da amfanin dajin suka haɗu. Mai minti 90 tikiti ɗaya ya bari da kuɗin kwakwa. Wanda ya kwana kuwa ya biya malamin daji, ya biya ɗan jagoran da ya san tsuntsaye da muryarsu, ya ci abincin mai tuwo, ya ɗauki direba kwana biyu, kuma da yawansu 'ya'yan ƙauyukan da ke kewaye ne. Saurayin da ke samun abin kai wa gida daga nuna wa baƙi cilakowa da asuba, shi ne mai injin haƙar zinariya zai fi shan wuyar ɗauka aiki.